Abin da Likita Ta Ce da Abin da Na Faɗa

Duk ranar Laraba bayan sallar isha'i ina gabatar da shirin lafiya a wani gidan rediyo a nan Kumasi. Tsarin ba shi da wuya. Likita ya zo ya zauna ya yi bayani da Turanci, ni kuma in juya da Hausa domin mutanenmu na zango, na Aboabo da Asawase da sauran unguwanni, daga nan mu buɗe layin waya. Shekara bakwai ke nan ina wannan aiki, har ta kai bakina kan juya magana kafin kaina ya gama tauna ta. A da ina alfahari da wannan saurin.

Wani dare, shekara uku da suka wuce, baƙuwarmu wata likita ce, batun kuwa hawan jini. Cikin bayaninta ta ce hawan jini ba shi da "cure". Ko numfashi ban ja ba na ce: "Jama'a, likita ta ce hawan jini ba shi da magani." Ta ci gaba da cewa ana iya riƙe shi idan ana shan ƙwayoyi kullum, a rage gishiri, a riƙa motsa jiki. Duk na juya su daidai. Muka rufe shiri, na hau trotro na tafi gida, na yi barcina lafiya lau.

Bayan kamar wata biyu wani saurayi ya zo nemana a wurin aiki. Ya gaishe ni da ladabi, ya ce: "Yaya, ba rigima ce ta kawo ni ba, so nake kawai ka sani." Mahaifiyarsa mai tuyar ƙosai ce, ba ta taɓa barin shirin ya wuce ta ba. Daren da ta ji maganata sai ta ce wa 'ya'yanta, to in dai abin ba shi da magani, wannan da take haɗiya shekara huɗu mene ne? Ko dai masu shagon magani suna cin kuɗinta a banza, ko kuwa likitoci sun gaza suna jin kunyar faɗa. Ta ajiye ƙwayoyin. Ta sayi wani ruwan magani a kwalba wurin masu yawo da mota da lasifika, wanda ya rantse mata kwalba uku suna tuge ciwon daga saiwa. Tana cikin kwalba ta uku ta yanke jiki ta faɗi a bakin murhu. Ɓarin jikinta na hagu ya shanye.

Na bi shi gidan. Na tarar da ita a jingine da matashi, jikarta na yi mata fifita. Na durƙusa na ce: "Mma, sannu. Yaya jiki?" Ta ce: "Da sauƙi, ɗana. Kai ne mai maganar Laraba?" Na ce ni ne. Ta dube ni sama da ƙasa ta ce: "Muryarka ta fi ka girma." Da na soma ba da haƙuri sai ta ɗaga hannun da ke motsi ta tsayar da ni. "Kai mene ne naka? Abin da likita ta ce shi ka faɗa."

Wannan maganar ce ta hana ni barci, domin ba abin da likita ta ce na faɗa ba. Ba na cewa kalmata kaɗai ce ta kayar da baiwar Allah nan. Ta gaji da layin asibiti tun kafin ta ji ni, kuma mai lasifika yana nan tun kafin a haife ni. Amma ni na ba ta dalilin da take nema, kuma na ba ta shi da sunan likita.

A makarantar koyon aikin jarida an koya mana rubuta labari da yin hira da kauce wa ɓata suna. Ba na tuna ranar da aka ce mu buɗe ƙamus mu bi kalma ɗaya har gidansu. Daren nan na yi. Ma'anar farko da na tarar ita ce wadda likita ke nufi: a kawar da ciwo gaba ɗaya, ya tafi, a daina shan komai saboda shi. Abin da ke biye da ita ne ya sa na gyara zama. Bature yana amfani da kalmar nan tak ga kifin da aka yi wa banda ko aka cika shi da gishiri don kada ya ruɓe. Matan Chorkor a bakin teku a Akra, waɗanda murhun kyafa kifinsu ya yi suna har ake kiransa da sunan unguwar, a Turance aikin da suke yi ke nan. Haka koobi, karfasar nan mai gishiri da ake sayarwa a Kejetia. Haka fatar layya da ake barbaɗa wa gishiri kafin ta isa hannun majema, haka ganyen taba da ake shanyawa.

Wadda ta fi ba ni mamaki ita ce ta magina. Ina da kawu mai buga bulo, tun ina yaro nake ganin yana tashin yaransa da asuba su yi wa bulo ban ruwa. Na ɗauka don ya huce ne. Ashe siminti ba bushewa ke sa shi ƙarfi ba, haɗuwarsa da ruwa ce, kuma haɗuwar tana ɗaukar kwanaki. Shi ya sa ake so kankare ya kwana bakwai a jiƙe ko fiye, kuma sai a kwana na 28 injiniyoyi ke auna cikakken ƙarfinsa. In ka bar shi ga rana ya bushe da wuri, ido zai ga kamar ya yi, ranar da aka ɗora masa nauyi sai ya ruguje. Wannan ban ruwa na kullum, safe da yamma, shi ma sunansa "cure" a bakin Bature.

Me ya haɗa mara lafiya da kifi da bulo? Asalin kalmar ne. Daga Latin ta fito, "cura", ta biyo ta tsohon Faransanci ta shiga Turanci wajen shekara 700 da suka wuce, kuma ma'anarta ta farko ita ce kula: damuwa da abu, sa masa ido, ɗaukar nauyinsa. Har yau maƙwabtanmu na Togo da Burkina Faso suna kiran limamin cocin unguwa "curé", wato wanda aka danƙa wa kula da rayukan jama'a. Mai kula da gidan tarihi ma sunan aikinsa daga wannan saiwa ya tsiro. A hankali ne kalmar ta sauya mazauni, ta bar aikin da mai jinya ke yi kullum ta koma kan sakamakon da kowa ke fata, wato ranar da za a ce an gama. Mai kifi da magini ne suka riƙe tsohuwar ma'anar, su da ba su taɓa shiga ajin Latin ba.

Namu harshen ya raba abin ta wata hanya dabam, kuma a nan ƙafata ta zame. Magani a Hausa kalma ce mai faɗin gaske. Akwai maganin zazzaɓi, akwai maganin sauro da na ɓera, akwai maganin ƙarfe ga wanda ya yarda da shi. Tuwo maganin yunwa ne, alhali kowa ya san gobe yunwar za ta dawo, kuma ba wanda ya taɓa cewa tuwo ya yaudare shi. Muna cewa haƙuri maganin zaman duniya, ba don haƙuri yana ƙarar da wahalar duniya ba. Uwa ta ce wa yaro mai ƙiriniya "zan yi maganinka". Duk abin da ke tare matsala, ko ya rage ta, ko ya hana ta yin ɓarna, magani ne. Saboda haka in ka ce wa Bahaushe abu ba shi da magani, ka gaya masa babu abin yi ke nan, ya naɗe hannu ya jira. Kalmar da ta fi kusa da nufin likita ita ce warkewa. Muna kuma da sauƙi, wadda ke tsakani, har wanda ke gargara in ka tambaye shi jiki zai ce da sauƙi. Muna da jinya, wadda ita ce ainihin "cura" ta mutanen da. Kalmomi huɗu ke gabana a daren nan, na miƙa hannu na ɗauko wadda ta fi kusa.

Likitoci sun daɗe da sanin haɗarin wannan wuri. A shekarar 1921 aka gano insulin a birnin Toronto na Kanada. Kafin lokacin, yaron da ciwon suga mai tsanani ya kama ba ya daɗewa. A watan Janairun 1922 aka yi wa wani yaro ɗan shekara 14, Leonard Thompson, allurar farko, ya tashi, ya ƙara shekara 13 a duniya. Jama'a suka ɗauka an ga bayan ciwon suga. Amma Frederick Banting, wanda aka ba kyautar Nobel a 1923 saboda wannan aiki, da ya tashi jawabin karɓar kyautar sai ya ja kunnen duniya cewa insulin ba ya warkar da ciwon suga, riƙe shi yake yi. Mutumin da ya fi kowa damar yin kuri da kalmar, shi ne ya ƙi taɓa ta. Yau shekara fiye da 100, maganarsa tana nan daram, kuma miliyoyin mutane suna raye a kan abin da ba ya warkarwa.

Ba kuma cewa nake babu warkewa ba. Akwai ta, kuma ya kamata a faɗe ta da ƙarfi inda take. Zazzaɓin cizon sauro yana tafiya da ƙwayoyin kwana uku. Tarin fuka na yau da kullum yana warkewa da maganin wata shida in an sha shi har ƙarshe. Ciwon hanta nau'in C yanzu ana raba mutum da shi cikin mako 8 zuwa 12, amma ɗan'uwansa nau'in B, wanda ya fi yawa a wajenmu, sai dai a riƙe shi. Duba yadda ciwo biyu masu suna ɗaya suka rabu a kan wannan kalma. Mai juya magana in ya haɗa su ya yi kisa.

Akwai kuma ta bayan hannu, inda an warke amma jama'a sun ƙi yarda. Kuturta tana warkewa da magani na wata shida ko goma sha biyu, kuma tun 1995 kyauta ake raba shi a duniya ta hannun Hukumar Lafiya ta Duniya. Sai dai yatsan da ya gutsure ba ya tsirowa. A Weija, kusa da Akra, akwai tsofaffi da suka warke shekaru da dama, ba ƙwayar cuta ko ɗaya a jikinsu, amma suna nan zaune a gidan kutare domin danginsu ba su zo ɗaukarsu ba. A littafin likita an rufe shafinsu. A bakin mutane har gobe kutare ne. To wane ne ya fi lafiya, su ko mai hawan jinin da ba zai taɓa warkewa ba amma yana shan ƙwayarsa da koko kowace safiya, ya tafi kasuwa, ya aurar da 'ya'yansa, ya ga jikoki?

Yanzu bari in zo inda abin ya fi yi mini ciwo, wato aljihuna. Duk wanda ya san gidajen rediyonmu ya san masu maganin gargajiya suna cikin manyan masu sayen lokaci, kuma abin da suka fi so shi ne mai gabatarwa ya faɗi tallar da bakinsa, domin muryarsa jama'a suka sani. Dokar ƙasa ba ta yi shiru ba. Dokar kiwon lafiyar jama'a ta 2012, mai lamba 851, ta hana tallar kowane magani sai da amincewar Hukumar Abinci da Magunguna, kuma ta jera cututtukan da sam ba a yarda a yi tallar warkar da su ba, cikinsu har da hawan jini da ciwon suga da ciwon daji. Amma kunnen hukuma ya fi jin Turanci da harshen Asante. Abin da aka faɗa da Hausa ƙarfe goma na dare sau da yawa ya wuce ke nan.

Watanni kaɗan bayan faɗuwar Mma, wani mai irin wannan sana'a ya same ni. Dattijo ne mai fara'a, ya kira ni "ɗana", ya tambayi iyali. Kuɗin da ya ambata ya kai ya rufe mini rabin abin da mai gidan haya ke nema, kuma wanda ke haya a Kumasi ya san na shekara ɗaya ko biyu ake biya a dunƙule. Takardar da ya miƙo mini layi huɗu ce, na uku yana cewa maganin yana warkar da suga da hawan jini har abada. Na ce zan karanta in an cire wannan layin. Ya yi dariya ya ce: "Ɗana, ai wannan layin nake saya, sauran ukun gaisuwa ce." Ban karɓa ba. Kada mai karatu ya ɗauke ni waliyyi: shekara biyu kafin nan na karanta irinta fiye da sau ɗaya, ban ko tsaya tunani ba. Kuma tallar tasa ta fita a wani shirin, da wata muryar.

Ba ƙananan mutane kaɗai ke wannan ciniki ba. A watan Janairun 2007 shugaban Gambiya na lokacin, Yahya Jammeh, ya shelanta cewa yana warkar da cutar ƙanjamau da haɗin ganyaye. Sharaɗin shiga shirinsa shi ne a daina shan ƙwayoyin asibiti, waɗanda ba sa warkarwa amma suna riƙe rai. Wasu sun mutu. Bayan ya bar mulki a 2017, wasu daga cikin waɗanda suka tsira suka kai shi ƙara. Da fadar shugaban ƙasa da motar lasifika, ciniki ɗaya ne: kawo abin da ke riƙe ka kullum, in ba ka alkawarin gamawa.

Duk da haka ba na son in yi wa masu ganye kuɗin goro. Kwinin daga ɓawon itace ya fito. Maganin zazzaɓin da muke sha yau asalinsa wani ganye ne na ƙasar Sin, kuma matar da ta jagoranci gano shi, Tu Youyou, ta karɓi Nobel a 2015. A nan Gana akwai cibiyar binciken magungunan itatuwa a Mampong Akuapem tun 1975. Ganye ba ƙarya ba ne, layi na uku ne ƙarya. Sannan akwai wani abu da Mma ta faɗa mini wanda har yau ban sami amsarsa ba. Ta ce mai kwalbar nan ya zauna a kan bencinta, ya ci ƙosanta, ya tambaye ta inda ke mata ciwo, ya saurara har ta gama. A asibiti kuwa takan fita tun asuba, ta yi rabin yini a layi, a gan ta minti uku ba a ɗago kai an dube ta ba. Ban ga laifin ma'aikatan ba, mutum ɗaya ne ga jama'a ɗari. Amma ka ga yadda kalmar ta tsage biyu: mai gaskiya ba shi da lokacin kula, mai lokacin kula kuma ƙarya yake sayarwa. Tsohuwa mai ciwon kai za ta bi wanda ya dube ta.

Wani abokin aikina, mai gabatar da shirin addini, ya ƙalubalance ni ta wani gefen. Ya ce ko "ba ya warkewa" ɗin ma bai kamata ta fito daga bakin musulmi ba, domin waraka ta Allah ce, kuma mun tashi a kan cewa ba a halicci cuta ba tare da maganinta ba. Wane ne kai da za ka yanke wa mutum ƙauna? Na ɗauki maganarsa da nauyi, domin masu saurarona haka suke ji, ni ma haka aka rene ni. Abin da na gane shi ne likita ba iyakar ikon Allah take faɗa ba, iyakar sanin mutane take faɗa a yau. Ciwon hanta nau'in C da na ambata, shekarun baya maganinsa allurai ne masu wahala na watanni da yawa, kuma ba kowa suke yi wa aiki ba. Kalmar da ta ɓace a fassarata ita ce "tukuna". Amma na ce masa shi ma ya yi hattara, domin "Allah ne mai warkarwa" gaskiya ce da mai kwalba ya fi kowa iya furtawa, da ita yake buɗe tallarsa da ita yake rufewa.

Tambayar da ta rage mini ita ce ko mara lafiya yana da haƙƙin a bar masa fatansa ko da na ƙarya ne. Na ga masu cewa e, musamman ga tsoho: me za ka ƙara masa da gaskiya in ban da baƙin ciki? Da a ce fatan zai tsaya a zuci ne, da na yarda. Sai dai fata yana da hannu, shi ne ya buɗe akwati ya ajiye ƙwayoyin Mma. Ni kuma da nake bayan makirufo ba mutum ɗaya nake lallashi a ɗakinsa ba. Dubbai ke ji, ban san wanda ke riƙe da ƙwaya a tafin hannu yana neman dalilin zubar da ita ba.

Yanzu in likita ya furta kalmar nan nakan ɗaga masa hannu ya dakata. Sai in ce: "Jama'a, ku saurara da kyau. Wannan ciwo yana da magani. Abin da likitoci ba su samo ba tukuna shi ne wanda za a sha a rabu da shi gaba ɗaya. Wanda ke akwai kamar ban ruwan bulo ne, kullum ake yi, ranar da aka daina ranar ɓarna ke farawa." Abin da da nake faɗa cikin daƙiƙa biyu yanzu yana cin ashirin, mai kula da na'ura yana nuna mini agogo ta bayan gilashi. Wani likita ya taɓa tambayata bayan shiri, cikin wasa, ko Hausa ce ba ta da gajerun kalmomi.

Mma tana nan. Ƙafar ta dawo har tana takawa da sanda, hannun bai dawo ba, 'yarta ce ke tuyar yanzu. Jikar nan mai fifita ita ke ba ta ƙwayar kowace safiya, ta ja layi a jikin kalanda. Nakan leƙa su lokaci-lokaci. Zuwana na ƙarshe, da azumin bana, na tarar ta sa an ƙulle mini ƙosai a takarda tun kafin in zauna. Muna cikin hira ta ce: "Ɗana, tambayi likitar taka, wai yaushe zan gama shan abin nan?"

Na ce: "Mma, ba a gamawa."

Ta yi shiru tana duban kalandar. Can ta ce: "To, Allah ya ba yarinyar nan haƙuri." Ta juya ta ƙwala wa jikar kira ta kawo mini ruwan alwala, magariba ta kusa.